Talaucin Yara a Arewacin Najeriya da Abin da Gwamnatoci ke Yi a Kai: Tambayoyi da Amsoshi

Duk sanda aka fitar da sabon rahoto kan halin da yara ke ciki a Najeriya, sai a kwana biyu ana cece-ku-ce a rediyo da Facebook. Wasu su ce sharrin Turawa ne, wasu su ɗora wa iyaye laifi, daga nan a shiga wani zancen. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan dawowa a irin wannan muhawara. An fi mai da hankali kan jihohin Arewa, domin a nan ciwon ya fi tsanani.

Yaro ba ya neman kuɗi, ba ya ciyar da kowa. To me ake nufi da talaucin yara?

Hanya biyu ake bi wajen auna shi. Ta farko ta kuɗi ce: a duba abin da gida ke kashewa, a raba da yawan mutanen gidan. A 2019 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ja layi a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kimanin naira 376 a rana, ta samu kashi 40 cikin ɗari na 'yan ƙasa ba su kai nan ba. Yaron da ke cikin irin wannan gida, shi ma an lissafa shi cikin matalauta.

Hanya ta biyu ba ta tsayawa kan aljihun maigida. Tambaya take yi game da yaron kansa. Yana zuwa makaranta? An yi masa rigakafi? Wane ruwa yake sha? Akwai masai a gidan? Tafiyar minti nawa ce zuwa asibiti mafi kusa? Tsayinsa da nauyinsa sun dace da shekarunsa? Wannan awon ya fi nuna gaskiya, domin za ka ga mutum da garken shanu da rumbu cike, amma ƙauyensu babu asibiti, babu malami, 'ya'yansa na shan ruwan kududdufi tare da dabbobi. A lissafin kuɗi mai hali ne. 'Ya'yansa kuwa a cikin rashi suke.

Wani bambancin kuma, babba idan ya talauce bana yana iya farfaɗowa baɗi. Abin da yaro ya rasa a shekarunsa na farko a jikinsa da ƙwaƙwalwarsa yake zama.

Yara nawa ake magana a kai?

A Nuwamban 2022 Hukumar Ƙididdiga ta fitar da sakamakon awo irin na biyun nan. Ta samu mutum miliyan 133, kashi 63 cikin ɗari na 'yan ƙasa, suna cikin rashi ta fuskoki da yawa. A cikin yara 'yan ƙasa da shekara 18 kuwa abin ya kai kashi 67.5, wato biyu cikin kowane uku, kuma fiye da rabin matalautan ƙasar gaba ɗaya yara ne. Miliyan 86 daga cikin miliyan 133 ɗin a Arewa suke. Sakkwato ce kan gaba da kashi 91, Ondo kuma a ƙarshe da kashi 27. Ƙasa ɗaya, kuɗin mai ɗaya ake rabawa a Abuja duk wata, amma dubi ratar.

A tuna an tattara waɗannan alƙaluma kafin cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023 da karyewar naira. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari. Duk wanda ke cefane bai buƙatar a gaya masa inda lamarin ya nufa.

Mu ne ke noma abincin ƙasar. Yaya za a ce yaranmu ne suka fi fama da yunwa?

Noma abinci daban, abin da ke shiga cikin yaro daban. Ƙaramin manomi yakan sayar da amfaninsa da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, don ya biya bashin taki, ya yi biki, ya sayi magani. Idan damina ta yi nisa, daga Yuli zuwa Satumba, rumbu ya yi ƙasa, sabon amfani bai nuna ba, sai ya koma kasuwa ya sayi abin da ya sayar da ninkin kuɗi. Daidai wannan lokaci ne kuma sauro ke yawa, ruwan sha ke gurɓata. Zazzaɓi da gudawa su kama yaron da dama bai ƙoshi ba. Ma'aikatan cibiyoyin tamowa sun san watannin nan sarai, su ne watannin da gado ke ƙarewa a shimfiɗa tabarma.

Sannan akwai irin abincin. Yaron da aka yaye da koko tsurarsa, safe da rana da dare, cikinsa zai cika amma jikinsa ba zai ginu ba. Wake da gyaɗa da waken suya da ƙwai da zogale duk a gonakinmu da gidajenmu suke, sai dai ƙwan na sayarwa ne, waken na kasuwa ne, tsokar nama kuma ta kwanon maigida ce. Har yau akwai inda ake cewa yaro in ya saba cin ƙwai zai yi sata.

Ilimin uwa ma yana da babban tasiri. Duk binciken lafiyar al'umma da aka yi a Najeriya abu ɗaya yake nunawa: 'ya'yan matan da suka yi sakandare sun fi samun rigakafi, sun fi tsira daga tamowa, sun fi kaiwa shekara biyar a raye.

Mene ne bambancin tamowa da tsumburewa?

Tamowa mai tsanani ita ce wadda ido ke gani: yaro ya rame har haƙarƙari ya fito, ko ƙafafu su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi. Tana kisa cikin makonni, amma tana jin magani. A Yulin 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Jihar Katsina cikin wata shida na farkon shekarar, akasari saboda an kawo su a makare.

Tsumburewa kuwa ba ta da hayaniya. Yaro yana wasa, yana dariya, sai dai ɗan shekara biyar kamar ɗan shekara uku. Sai a ce gajarta ce ta gado. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya samu kashi 37 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure. A Arewa maso Yamma kashi 57 ne, a Kebbi da Jigawa da Katsina kuma ya haura 60. Binciken da ya biyo baya na 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin ƙasa ya hau zuwa kashi 40. Illar ba a tsayi kaɗai take ba. Ƙwaƙwalwa ma tana tauyewa, kuma mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne cikin kwana 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara biyu. Bayan nan gyara yana da wuya ƙwarai. Idan a jiha shida cikin goma na yaran da za su shiga aji ɗaya sun riga sun tsumbure, to an fara faɗuwa jarrabawa tun kafin a sayi allo da alli.

Alhakin wa ne: Abuja, gwamna, ko shugaban ƙaramar hukuma?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce muhimmanci, ita ce kuma aka fi kaucewa. Mun saba duk abin da ya lalace mu ce gwamnatin tarayya. To amma makarantar firamare, asibitin sha-ka-tafi, rijiyar burtsatse, albashin malamin aji ɗaya da na ungozomar asibitin mazaɓa, duk a ƙarƙashin jiha da ƙaramar hukuma suke. Tarayya tana tsara manufa, tana sayo alluran rigakafi, tana ba da wani kaso na kuɗi. Wanda zai sa malami a aji, ya sa magani a kanta, gwamna ne.

Bayan cire tallafin mai, kason da jihohi ke karɓa duk wata ya ƙaru sosai a lissafin naira. Ranar 11 ga Yulin 2024 kuma Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai-tsaye, kodayake aiwatar da hukuncin yana ta jan ƙafa. Saboda haka uzurin babu kuɗi ya yi rauni. Abin da na lura da shi kawai, gadar sama ana yanke mata ƙyalle a ɗauki hoto, jaririn da aka hana shi tsumburewa kuwa babu ranar ƙaddamar da shi, ba ya kuma jefa ƙuri'a.

Ba wa uwa kuɗi a hannu yana aiki kuwa? Ba maigida ne zai karɓe ba?

An gwada a nan gida, ba a wata ƙasa ba. Daga 2013 zuwa 2019 an gudanar da wani shiri da Birtaniya ta ɗauki nauyi, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka aiwatar, a ƙananan hukumomi biyar: Anka da Tsafe a Zamfara, Buji da Gagarawa da Kirikasamma a Jigawa. Da zarar an tabbatar mace na da ciki, sai a fara ba ta naira 3,500 duk wata, daga baya aka mai da shi 4,000, har ɗanta ya cika shekara biyu. Tare da kuɗin ana wayar da kai kan shayarwa da abincin yaye da tsafta, ana kuma shigar da maza da malamai cikin zancen.

Masu bincike sun bi ƙauyukan da aka ba kuɗin da waɗanda ba a fara ba su ba, suka kwatanta. Sun samu akasarin matan su ke da iko da kuɗin, kuma abinci aka fi saya da shi. Tsumburewa ta ragu a yaran da aka haifa cikin shirin. Mata da yawa sun tsakuri wani abu sun ja jari, sun sayi akuya ko tunkiya, har samun gidan ya ƙaru bayan an daina biya. Tsoron da ake yi cewa za a kashe kuɗin a banza bai tabbata ba.

Wasu ƙasashe sun mai da irin wannan doka. Afirka ta Kudu tun 1998 take biyan tallafin yara duk wata, yanzu yana kaiwa ga yara kimanin miliyan 13. Ba shirin wani shugaba ba ne da zai tafi da shi idan ya sauka, haƙƙi ne da uwa za ta nema a ofis. Nan ne muka bambanta.

To ina labarin naira 5,000 da naira 25,000 da gwamnatin tarayya ta ce tana rabawa?

Zamanin Buhari an riƙa biyan gidaje marasa ƙarfi naira 5,000 a wata, ana haɗa na wata biyu a ba da 10,000. Wani ɓangare na kuɗin ya fito ne daga dala miliyan 322 na Abacha da Suwizalan ta maido, wani kuma bashin Bankin Duniya. Adadin bai motsa ba shekara da shekaru, har ya kai ga naira 5,000 ba ta sayen kwanon shinkafa biyu a 2024. A Oktoban 2023 Tinubu ya ƙaddamar da biyan naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirye-shiryen, daga baya aka ci gaba da biya da sharaɗin lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da asusun banki.

Matsala uku ce. Biya sau uku agajin gaggawa ne, ba ya raka yaro kwana 1,000. Rajistar matalautan kanta gwamnoni sun ce ba su yarda da ita ba a taron majalisar tattalin arziki na Yulin 2023. Sharaɗin NIN da asusu kuma, ko da yake yana rage cuwa-cuwa, yana zubar da matar ƙauyen da ba ta da waya, ba ta taɓa shiga banki ba, wadda ita aka ce ana nema.

Ciyar da ɗalibai a makaranta fa?

An fara na tarayya a 2016, ga 'yan aji ɗaya zuwa uku, a kan naira 70 ga kowane yaro a rana, daga baya aka ce 100. Kafin nan Kano da Osun sun yi nasu, Kaduna ma ta fara nata a farkon 2016. Abinci yana jawo yara makaranta, wannan babu musu. A Kaduna azuzuwa sun cika maƙil, har aka riƙa ba da labarin yaran da ke zuwa da kwano, su ci, su kama hanyar gida. Shirin tarayya ya shiga cikin waɗanda aka dakatar a Janairun 2024.

Shiri ne mai kyau idan ana biyan masu dafawa a kan lokaci, ana sayen kayan daga manoman yankin. Amma kada a ruɗe: ɗan shekara bakwai ake ciyarwa, tsumburewa kuwa ta gama aikinta tun yana goye.

An ce ilimi kyauta ne kuma dole. Me ya sa har yanzu yara ke gararamba a titi?

A Sakkwato Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a 1999, dokarsa ta fito a 2004. Ta ce shekara tara na farko, firamare da ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma wajibi. Har hukunci ta tanada: uban da ya ƙi kai ɗansa a ja masa kunne, in ya sake a ci shi tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, wanda ya karɓi kuɗin makaranta kuma tarar da ta kai naira 10,000 ko wata uku. Ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, UBEC, da sharaɗin jiha ta ajiye nata kason daidai da wanda za a ba ta. Shekara da shekaru shugabannin hukumar na kukan biliyoyin naira na kwance saboda jihohi ba su kawo nasu ba. Duk da haka UNICEF ta ce a 2024 yara miliyan 18.3 ba sa zuwa makaranta, mafi yawansu a Arewa.

Kyautar ma da sauran magana. Akwai kayan makaranta, littattafai, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin jarrabawa, tsintsiya. Akwai kuma abin da gida zai rasa. Yarinyar da ke talla ita ce ƙafar sana'ar uwarta da ke cikin kulle, cinikinta ake tarawa a yi mata kayan ɗaki. Ka ce ta tafi makaranta ba ka maye gurbin wannan ba, ka taɓa tukunyar gidan. Shi ya sa shirin ilimin 'yan mata na AGILE, wanda aka fara a 2020 da dala miliyan 500 na Bankin Duniya a jihohi bakwai da suka haɗa da Kano da Katsina da Kaduna da Kebbi da Borno, ya haɗa gina azuzuwa da ba iyayen 'yan mata kuɗi.

Sai ingancin karatun. A 2017 Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka faɗi. Uban da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya gama aji shida bai iya karanta wasiƙa ba, in ya tura nasa gona ko kasuwa, lissafi ya yi, ba jahilci ba ne.

Almajirci talauci ne ko addini?

Neman ilimin Alƙur'ani addini ne, kuma tsangaya ta fitar da alarammomi da alƙalai tun kafin zuwan Turawa. Ɗan shekara shida da ke yawo da roba a tashar mota, ba takalmi, yana kwana a soro, wannan hoton talaucin ƙauye ne da ya shigo birni. A da malami na da gona, almajirai na taya shi noma, unguwa na ɗaukar nauyin kwanonsu, sau da yawa kuma da rani ake tafiya a dawo da damina. Yau malami ɗaya na riƙe da yara ɗari a gidan haya a birnin da kowa ke ta kansa.

Gwamnatoci sun gwada hanyoyi. Jonathan ya gina makarantun tsangaya na zamani 157, ya buɗe ta farko a Gagi da ke Sakkwato a 2012, aka miƙa wa jihohi, da yawa suka lalace. A 2020 Kano ta haramta bara, kuma lokacin korona gwamnonin Arewa suka riƙa lodin almajirai a motoci ana mai da su jihohinsu. Ba a jima ba suka dawo, domin abin da ya koro su daga gida yana nan. A 2023 aka kafa hukumar tarayya ta almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

A ganina duk dokar da ta hana bara ba ta faɗi inda yaron zai ci tuwon dare ba, takarda ce kawai. Wadda kuma aka tsara a ofis ba a zauna da alarammomi ba, ta mutu tun a ciki. Inda aka ga haske shi ne inda aka bar yaro yana karatun allo a garinsu, gaban iyayensa, aka kawo masa lissafi da karatun boko da sana'a cikin tsangayar, aka kuma sa malamin cikin masu albashi.

Me ya sa jihohin Arewa suka daɗe ba su karɓi dokar haƙƙin yara ba?

Dokar ta 2003 a Abuja kaɗai take aiki kai-tsaye, sai majalisar kowace jiha ta yi tata. Inda aka yi ta taƙaddama shi ne shekara 18 a matsayin mafi ƙarancin shekarun aure, da batun ɗaukar ɗan riƙo a mai da shi kamar na cikinka, wanda ya saɓa wa hukuncin nasaba da gado a Musulunci. Daga baya jihohi suka yi wa dokar kwaskwarima, suka kira ta dokar kare yara. Kaduna ta yi a 2018, Kano sai a Mayun 2023. Shekara ashirin aka ɓata kan sassa biyu ko uku, alhali sauran dokar magana take kan fyaɗe, azabtarwa, aikatau, da tsare yara a kurkuku tare da manya. Yanzu da aka sa hannu, abin tambaya shi ne kotunan iyali da jami'an jin daɗin jama'a da gidajen ajiye yaran da aka ceto, an ba su ko sisi?

Akwai maganin kyauta ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar?

A takarda, jihohi da dama sun ce akwai. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ma ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don asibitocin matakin farko, ba a fara sa shi a kasafi ba sai 2018, manufar kuma a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa. A aikace, sau tari za a duba yaro kyauta a rubuta wa uwa takarda ta tafi kemis. Maƙwabciyarmu Nijar ta ayyana kyautar magani ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar tun 2006, mace-macen yara ya ragu sosai a shekarun da suka biyo baya, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya riƙa barin kantoci babu magani. Cuta ɗaya ce a Maraɗi da Katsina.

Duk da haka akwai ci gaba. Mutuwar yara kafin shekara biyar ta sauko daga 132 cikin 1,000 a binciken 2018 zuwa 110 a rahoton farko na binciken 2023 zuwa 2024. A Agustan 2020 aka tabbatar an kawar da ainihin ƙwayar shan inna, bayan doguwar tirjiya da ta haɗa da ƙauracewa rigakafin a Kano a 2003. Rashin yardar ba daga sama ta faɗo ba, mutane ba su manta da gwajin maganin Pfizer a kan yara masu sanƙarau a 1996 ba. Abin da ya karya tirjiyar shi ne shigar sarakuna da malamai. Maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake bi gida-gida ana ba yara duk wata da damina yana ceton rayuka, a Disamban 2024 kuma aka fara allurar rigakafin maleriya a Kebbi da Bayelsa. Sai dai ɓarkewar mashaƙo da ta fi ƙamari a Kano daga ƙarshen 2022 ta tona asirin yawan yaran da ko allura ɗaya ba a taɓa yi musu ba.

Ba yawan haihuwa ne ya jawo duk wannan ba?

Yana ciki, kuma ɓoye shi ba ya amfanar kowa. A 2018 matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma 6.6 ne, na ƙasa kuma 5.3. Abin da ya fi cutar da yaro kai-tsaye shi ne rurrutsa: ciki ya shiga ana goyo, a yaye na hannu ba shiri, uwa ba ta murmure ba. Ba sai an je nesa neman hujjar tazara ba, shayarwar shekara biyu tana cikin Alƙur'ani. Gaskiya ne bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, amma ciyarwa da tufatarwa da ilmantarwa wajibi ne da shari'a ta ɗora wa uba. Sakin aure barkatai, a kori mace da 'ya'ya huɗu ba ko ƙwayar hatsi, yana jefa yara cikin rashi fiye da yadda ake faɗa. Jihar da ke aurar da zawarawa, kamar yadda Kano ta aurar da mutum 1,800 da angwayensu a 2023, ya kamata ta fi kowa tsananta wa uban da kotu ta yanka wa kuɗin ciyarwa ya ƙi biya.

Zakka da waƙafi ba za su wadatar ba?

Suna taimakawa, musamman ga marayu, kuma Sakkwato da Zamfara da Kano na da hukumominsu, masarautun Jigawa ma na tara zakkar hatsi. Amma zakka ba ta ɗaukar ma'aikatan jinya dubu, ba ta biyan malamai duk wata.

Rashin tsaro fa?

Ya mai da hannun agogo baya a duk abin da aka lissafa a sama. Daga Chibok a 2014 zuwa Dapchi, Ƙanƙara, Jangebe, Tegina da Kuriga a 2024, kowace satar ɗalibai ta sa an rufe makarantu, wasu iyayen kuma sun cire 'ya'yansu ke nan har abada. Manomi ya bar gonarsa ko ya biya 'yan bindiga kafin ya girbe, ma'aikacin lafiya ya gudu daga ƙauye. Anka da Tsafe da aka yi gwajin tallafin mata masu ciki suna cikin wuraren da abin ya fi shafa. Ga shi kuma a 2025 Amurka da wasu ƙasashe sun zaftare agaji, har Hukumar Abinci ta Duniya ta yi gargaɗin rufe cibiyoyin tamowa fiye da 150 a Arewa maso Gabas. Shekaru da dama baƙi ne ke sayen abincin tamowar da ake ba yaranmu.

Ta yaya zan gane ko gwamnatin jiharmu da gaske take?

Kada ka tsaya kan abin da aka karanta ranar gabatar da kasafi. Jiha na iya cewa ta ba ilimi kashi 30, lafiya kashi 15 kamar yadda shugabannin Afirka suka yi alƙawari a Abuja a 2001, a ƙarshen shekara ka tarar rabi ma ba a saki ba. Jihohi na wallafa rahoton aiwatar da kasafi duk wata uku a shafukansu na intanet. Nemi layin abinci mai gina jiki da na hukumar lafiya matakin farko, ka ga nawa aka ware, nawa aka fitar. Tambayi ko jihar ta biya kasonta na UBEC na bana. Tambayi ko ta sa kuɗi a asusun UNICEF da ke ninka duk nairar da jiha ta ajiye don sayen abincin tamowa. Sannan ka taka da ƙafarka zuwa asibitin mazaɓarku da ƙarfe goma na dare, da firamaren unguwarku ranar Alhamis da hantsi, ka ƙirga waɗanda ka tarar a bakin aiki.

Ɗana ya rame, ba ya son cin abinci. Me zan yi yanzu?

Kai shi asibiti mafi kusa yau, kada a jira a gama jiƙe-jiƙe. Za a auna damtsensa da wani ɗan tef mai launi uku. Ga yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, ja na nufin ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani. A gida ma uwa na iya danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa ta ƙirga uku. In wurin ya lotsa bai taso ba, kumburin tamowa ne, a gaggauta. Abincin tamowa na leda da ake bayarwa kyauta ne, magani ne na wannan yaron shi kaɗai, ba a raba shi da yayyensa, ba a kai shi kasuwa. In yana gudawa a ba shi ruwan gishiri da sukari na asibiti da ƙwayar zink, a ci gaba da ba shi nono.

Jariri kuwa nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa. Daga nan a fara kunun da aka yi da garin haɗi: awo shida na gero ko dawa ko masara, uku na waken suya, ɗaya na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama a niƙa tare. A ɗauki katin rigakafinsa duk zuwa asibiti, a kuma tambayi ma'aikacin hukumar ƙidaya da ke wurin ya yi masa takardar haihuwa.